Jinya da Kiɗa: Yadda Makaɗi Ke Zama Ma'aikacin Lafiya a Jami'a

Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa.

A asibitoci da dama na Amurka da Birtaniya, za ku ga wata ma'aikaciya ta shigo ɗakin marasa lafiya rataye da jita, ko rungume da 'yar ganga. Tana da fayil ɗin majinyaci a hannu, da ita ake zaman tattaunawa da likitoci, kuma akwai hukumar da za ta iya karɓe mata shaidar aiki in ta yi sakaci. Sana'arta jinya da kiɗa, a jami'a kuma ta koyo ta. Yau za mu ga hanyar da ɗalibi ke bi kafin a amince ya zauna gaban marar lafiya da kayan kiɗa.

Amfani da sauti wajen jinya ya daɗe. Asibitin da Sarkin Daular Usmaniyya Bayazid na Biyu ya gina a birnin Edirne, wanda aka kammala a 1488, ya shahara da kwantar wa masu taɓin hankali rai da kiɗa da ƙarar ruwa. Amma mayar da abin kwas na jami'a, wannan ya samo asali ne daga yaƙe-yaƙen duniya. Makaɗa sun riƙa zagaya asibitocin tsofaffin sojoji a Amurka, likitoci suka ga ana samun sauƙi, suka kuma ga cewa makaɗin da bai san komai game da cuta ba yana iya tayar wa majinyaci da tsohon miki. Sai aka ce a horar da su. A 1944 kwalejin jihar Mishigan ta buɗe digiri na farko a wannan fanni, a 1950 kuma aka kafa ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasa.

To, yaya karatun yake a Amurka yanzu? Ɗalibi zai shiga jami'ar da ƙungiyar masu jinya da kiɗa ta Amurka, wato AMTA, ta amince da kwas ɗinta, ya yi digiri na kimanin shekara huɗu. Ko da sarewa ko molo ya fi ƙwarewa, dole ya iya jita da fiyano da kayan bugawa, ya kuma iya rera waƙa da muryarsa. A gefe guda yana ɗaukar darussan halayyar ɗan Adam, da sassan jiki da yadda suke aiki, da tasowar yara, da cututtukan ƙwaƙwalwa, da dabarun bincike. Sannan ga babban sharaɗi: awa 1,200 na aiki da majinyata a ƙarƙashin ido na ƙwararre, kuma aƙalla 900 daga ciki na sanin makamar aiki ne a ƙarshen karatu. Sai ya gama wannan zai zauna jarrabawar hukumar CBMT mai ba da shaidar aiki a wannan sana'a. In ya ci, ya sa haruffan MT-BC bayan sunansa, duk shekara biyar kuma sai ya sabunta.

Birtaniya ta bi wata hanya dabam. Can sai a digiri na biyu ake farawa, yawanci shekara biyu ga mai cikakken lokaci. Makarantar Guildhall da ke Landan ce ta buɗe ƙofa a ƙarshen shekarun 1960, ƙarƙashin makaɗiya Juliette Alvin, yau kuma akwai kwas a jami'o'i irin su Anglia Ruskin da ke Kambirij, da Roehampton, da Queen Margaret da ke Edinbura. Doka ta kare sunan sana'ar: wanda bai yi rajista da HCPC, hukumar da ke kula da ma'aikatan lafiya, ba, laifi ne ya kira kansa da shi.

Ranar tantancewa ma abin kallo ce. Bayan ka kaɗa abin da ka shirya, sai malami ya ɗauki ganga ya fara bugu ba kai ba gindi, ya ce ka bi shi. Abin da suke son gani shi ne ko kunnenka na kan mutumin da ke gabanka, ko kuwa hankalinka ya tafi ga burge su.

Nan ne zuciyar karatun, don haka bari mu shiga ɗaki guda mu gani. Ga yaro mai galahanga, ba ya magana, ba ya kallon idon kowa. An ajiye masa ganga. Ya buga sau uku da ƙarfi, ya juya baya. Ɗalibar da ke kan fiyano ta mayar masa da bugu uku daidai irin nasa, ta ɗaga hannu, ta jira. Shiru. Can sai yaron ya buga sau biyu, ya saci kallonta. Ta ba shi biyu. An fara hira ke nan, ba da kalma ko ɗaya ba. Irin wannan aiki ne Paul Nordoff, makaɗin fiyano ɗan Amurka, da Clive Robbins, malamin yara masu buƙata ta musamman, suka faro tare a Ingila a 1959, har salon ya ɗauki sunansu.

Bayan zaman, ɗalibar za ta kai hoton bidiyon gaban mai duba aikinta, da izinin iyayen yaron. Zai tsayar da shi a wani wuri ya tambaye ta: "Da ya yi shiru a nan, me ya sa kika yi saurin cike gurbin? Shi ne ya buƙaci sautin, ko ke ce shirun ya dama?" Ni a ganina wannan tambaya ta fi duk wata jarrabawar takarda wuya. Makaɗi ya tashi yana koyon yadda zai cika fili da sauti a tafa masa, yanzu kuma ana koya masa ya ja da baya ya bar wa wani filin. Shi ya sa kwasa-kwasan Birtaniya ke wajabta wa ɗalibi shi ma ya riƙa ganin masanin lafiyar zuciya da tunani a tsawon karatunsa. Wanda zai zauna da mai jiran ajali, ko da yaron da ya ga tashin hankali, gara ya fara sanin nasa raunin.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi kusa da gashin ƙashi. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya ga yadda garemani ke sauka tare da bugun ganga, har rago ya samu kuzari. Ƙwaƙwalwa tana kama bugu mai tsari, ta daidaita motsin jiki da shi. Mai bincike Michael Thaut da abokan aikinsa a jami'ar jihar Kolorado sun gina fanni guda a kan haka. Ɗalibi zai ƙirga takun mai shanyewar ɓarin jiki, ko mai cutar karkarwa ta Fakinsan, a cikin minti ɗaya, ya saita bugu daidai da takun, sannan ya riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan yana rubuta sakamako. Haka wanda magana ta ɗauke masa bayan rauni a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, sau da yawa yana iya rera abin da ya kasa faɗa, ta nan ake bi a dawo masa da kalmomi. Tsohuwar 'yar majalisar Amurka Gabrielle Giffords, wadda aka harba a kai a watan Janairun 2011, da irin wannan jinya aka taimaka mata a wani asibiti a Hustan.

Na san wani zai ce ai mu ma muna da garaya da goge a wajen bori. Hanyar ba ɗaya ba ce. Nan ba a kiran iskoki, manufa ake rubutawa a fayil, a auna, in babu ci gaba a sauya dabara. Wani kuma zai kawo maganar addini, kuma maganarsa tana da muhalli. Ɗalibi na koyon cewa aƙidar majinyaci da al'adarsa ne ke jan ragama. Wanda ba ya son kayan kiɗa, akwai murya zalla, akwai tafi, akwai numfashi mai tsari. Tsohuwar da mantuwa ta kama a Katsina ko Maraɗi, waƙar daka ko ƙasidar da ta haddace tana yarinya ce za ta iya farkar da ita, kuma ɗanmu da ya tashi cikin waɗannan waƙoƙi ya fi kowa sanin inda zai taɓa. Wannan ne ya sa nake kwaɗayin ganin matasanmu a fannin.

Ga mai sha'awa, a nahiyarmu jami'ar Firitoriya a Afirka ta Kudu tana ba da digiri na biyu a jinya da kiɗa tun 1999, waɗanda suka gama kuma suna rajista da hukumar ma'aikatan lafiya ta ƙasar. Kafin nan, digiri na farko a kiɗa, kamar wanda ake yi a jami'ar Najeriya ta Nsukka, ko a halayyar ɗan Adam tare da ƙwarewa ta gaske a kayan kiɗa, shi ne tsani. Ka nemi aikin sa-kai a makarantar yara masu buƙata ta musamman ko gidan marayu, domin masu tantancewa suna tambayar wa ka taɓa kula da shi. Ka koyi karanta rubutun kiɗa tun yanzu.

Sannan a yi hattara da gajerun kwasa-kwasan intanet masu ba da takardar shaida cikin 'yan makonni, ba sa kai mutum ga rajista. Kafin ka biya ko kwabo, ka shiga shafin hukumar da ke yi wa masu sana'ar rajista a ƙasar da kake nufi, ka duba ko sunan kwas ɗin yana cikin waɗanda ta amince da su. Ka kuma tambayi jami'ar a waɗanne asibitoci ɗalibanta ke yin sanin makamar aiki, kuma wa ke duba su a can.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.