Daga Legas Zuwa Kano: Ga Rana Ta Wadata, To Me Ya Sa Batir Ke Mutuwa Ƙarfe Biyun Dare?

[Titin Agege a watan Yuni, ruwa ya kai gwiwa, mutane sun naɗe wanduna]

Assalamu alaikum. Wannan Legas ce a tsakiyar damina.

[Kano a watan Afrilu, tsakar rana, mai ƙanƙara yana tura baro]

Wannan kuma Kano ce a bazara. Tsakaninsu tafiyar wajen kilomita 1,000. Ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya kusa ninka na Kano, kuma na Kano kusan duk a wata huɗu yake zuba, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran shekarar rana ce, sai hazon hunturu.

Masu haɗa kaya daga Agege, Idi-Araba da Mile 12 su dawo gida, lissafinsu ɗaya ne: haya ta fi sauƙi, abinci ya fi araha, ga rana kyauta, sola kawai za a ɗora a huta da janareta. Biyun farko babu gardama. Na ukun ne ya kawo mu, domin tambayar da ake ta maimaitawa ita ce: solar da ta riƙe ni a Legas inda hadari ke rufe rana, yaya aka yi na kawo ta garin rana ta kasa kai ni asuba?

Bari mu gama da sauran hidimar da sauri, mu dawo kanta.

[Ana loda kujeru da katifu a babbar mota]

Mota. Ku yi ciniki a rubuce, a ambaci kuɗin lodi, kuɗin saukewa, da wanda zai biya abin da ake karɓa a hanya. Ku ɗauki hoton kowane kaya kafin ya hau. Direbobi da yawa suna bin Lokoja, Abuja, Kaduna, Zariya, ku tambayi hanyar da naku zai bi da ranar da zai iso. Takardun makarantar yara ku karɓa kafin ku tashi. Mitar wuta ta gidan ce, a nan za ku bar ta, a Kano kuma hannun KEDCO, kamfanin rarraba wutar Kano, za ku koma. Kayan katako da suka sha danshin Legas za su iya tsagewa a hunturun farko, kada ku zagi kafinta, bushewar iska ce. Man shafawa da na leɓe, ku saya tun Nuwamba. Shi ke nan.

[Hannu yana juya farantin sola, ana nuna takardar da ke manne a bayansa]

To ga inda ake tuntuɓe.

Ranar Kano ta fi ta Legas, wannan gaskiya ne. A lissafin masu sola, Legas na samun kamar awa 4 zuwa 4 da rabi na cikakkiyar rana a kullum, Kano kuwa awa 5 da rabi zuwa 6. Faranti huɗu masu wat 400, idan aka cire asarar waya da zafi da caji, za su ba ka kusan kilowat-awa 5 a Legas, a Kano su haura 6. Riba ce.

Amma da rana ake samun wannan ribar. Kai kuwa buƙatarka da ta ƙaru, da dare ta ƙaru. Da dare kuma faranti barci yake yi, ko ɗari ka jera a kan rufi. Abin da ke riƙe ka daga magariba zuwa asuba batir ne, kuma batirin da ka taho da shi bai ƙara girma a hanyar Lokoja ba.

[Ɗaki da dare, fanka tana juyawa, yaro yana juyi a kan tabarma]

A Legas iskar teku na shigowa, hadari na rage zafin bango, a damina sau da yawa cikin dare sai an rage fanka. A Kano daga tsakiyar Maris zuwa Mayu, zafin rana na kai digiri 40, wani lokaci ya wuce. Bulo da siminti su sha wannan zafin tun safe, sai dare ya yi su fara amayar da shi cikin ɗaki. Ku dafa bangon yamma da ƙarfe goman dare, kamar bayan tanda. Fanka ba ta hutawa, firji ma injinsa kusan ba ya tsayawa.

Mu yi lissafi a kan allo, ku ɗauko biro.

[Allo, ana rubuta lambobi]

Fankar sama ta gargajiya tana jan kamar wat 75. Guda uku, awa 10, ya zama wat-awa 2,250, wato wat sau awa. Firji a daren zafi, mu ba shi 700. Ƙwayayen fitila da cajin waya, 300. Jimla 3,250. Inbata ma tana cin nata wajen juya wutar batir zuwa ta gida, sai mu ce 3,700.

Yanzu batir. Tubula, wato batir na ruwa, mai bolt 12, amfiya-awa 200, abin da ke cikinsa wat-awa 2,400 ne. Amma irin wannan batir rabinsa kawai ake sha in ana son ya daɗe, wato 1,200. Mai batir biyu yana da 2,400 ke nan. Buƙata 3,700, abin hannu 2,400. Idan an fara ja da ƙarfe bakwai na yamma, ku ƙirga da kanku, wajen ɗaya zuwa biyun dare inbata za ta fara kuka. Wannan kukan da ya tashe ku daga barci, ba aljani ba ne, lissafi ne.

Abin da mutane ke yi a nan shi ne su je kasuwa su ƙaro faranti. Faranti ya cika batir tun azahar, ragowar wutar ta tafi a banza, dare ya yi a koma gidan jiya. Kamar mai randa ɗaya ne ya ƙara 'yan ga-ruwa.

Mafita biyu ce: ko a ƙara randa, ko a rage sha. Ni a ganina a fara da rage sha, ya fi araha nesa ba kusa ba.

[Fanka mai caji da fankar sama ta zamani, ana gwada su da mita]

Fankokin zamani marasa cin wuta suna jan wat 30 zuwa 35 a gudu mai kyau. Ku mayar da lissafin ɗazu: uku, awa 10, kusan 1,000. Jimlar dare ta sauko ƙasa da 2,400. Batir biyun nan da kuka kusa sayarwa sun isa. Kuɗin fanka uku bai kai na batir biyu ba, ku tambaya a Sabon Gari ku ji.

Sai wani abu da mutumin Legas ke rainawa saboda can bai yi masa aiki ba: kula ɗin nan mai tankin ruwa, da ake zuba mata ruwa tana hura iska. A Legas iska ta riga ta ƙoshi da danshi, ruwan ba ya ƙafewa, sai ɗaki ya ƙara cunkushewa. A Kano a watan Maris iska a bushe take ƙayau, ruwan na ƙafewa nan da nan, yana tafiya da zafi. Hikimar randar ƙasa ce aka sa wa wuta. Wat 60 zuwa 100 take ci. Sharaɗi ɗaya: a bar taga a ɗan buɗe, in aka rufe ɗaki ruf danshi ya taru ta daina aiki. Kuma da zarar hadarin Yuni ya fara haɗuwa, ƙarfinta sai ya ragu.

Esi kuwa, mai ƙarfin doki ɗaya tana jan wajen wat 800. Awa shida, 4,800. Batir tubula huɗu ke nan ita kaɗai, ban da firji. Mai hali ya sa litiyom, wanda ake iya shan kashi 80 cikin 100 nasa ko fiye. Marar hali ya kunna esin daga ƙarfe biyu zuwa biyar na yamma lokacin da faranti ke da rara, ya sanyaya ɗakin, ya rufe, dare ya yi ya koma fanka.

Haka duk wani aiki mai nauyi, a tura shi rana. Injin jan ruwan bohol, guga, injin wanki, daskarar da ƙanƙara: tsakanin sha ɗaya na safe da uku. Injin bohol musamman, lokacin tashi yana fizgar ninki uku ko fiye na abin da aka rubuta a jikinsa. Wanda ya tayar da shi bayan isha'i a kan batir, shi ya so.

[Rufin kwano, zafi na tashi kamar hayaƙi]

Zafin nan bai bar farantin kansa ba. Wat 400 da aka rubuta a baya, an auna shi ne farantin na kan digiri 25. A kan kwanon Kano a Afrilu, jikinsa na iya kai 65. Kowane digiri ɗaya sama da 25 yana zaftare kusan kashi 0.35 cikin 100. Digiri 40 sau wannan, kashi 14. Wat 400 ya dawo kamar 345. Shi ya sa ba a manna faranti a jikin kwano. A ɗaga shi santimita 10 zuwa 15, iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa. Ya fuskanci kudu, a karkata shi digiri 10 zuwa 15, tunda Kano na kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Kada a shimfiɗe shi kwance, ƙura za ta mayar da shi tabarma.

[Hazo ya rufe Dala, yatsa yana rubutu a kan farantin da ƙura ta lulluɓe]

Ƙurar hunturu, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso ta. A Legas ruwan sama ne ke yi muku wankin faranti kyauta. A nan daga Oktoba zuwa Mayu babu mai yi muku. Sau ɗaya a mako, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi, ruwa zalla da tsumma mai laushi. Kada a goga a bushe, ƙurar na kankare gilashi. Kada kuma a watsa ruwan sanyi da tsakar rana, yana iya tsaga shi. Ku duba lambar da caja, na'urar da ke tsakanin faranti da batir, ke nunawa ƙarfe sha biyu yau, ku wanke gobe da safe, ku sake dubawa sha biyu. Ba sai an yi muku wa'azi ba.

[Batura a ƙarƙashin bene, wasu kuma a wani ɗan ɗakin kwano a tsakar gida]

Batir ma zafi ne ajalinsa. Irin na ruwa, duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana cinye kusan rabin shekarunsa. Wanda ya ajiye su a ɗakin janareta mai rufin kwano ya yanke musu hukunci. A nemi wuri mafi sanyi a gidan, mai shan iska, nesa da bangon yamma. Ruwan cikinsu na ƙafewa da sauri a nan, a duba kowane wata a bazara, a ƙara ruwan batir tatacce. Ruwan rijiya ko na leda yana kashe shi.

Duk wannan ya dawo da mu kan gidan da za ku kama. Masu ƙaura da dama a Disamba suke zuwa duba gida, lokacin hutu, gari ya yi sanyi, kowane ɗaki aljanna ne. Gidan da kuka gani a Disamba ba shi za ku kwana a ciki a Afrilu ba.

[Dillali yana buɗe ƙofa, kyamara ta ɗaga sama]

Ku kalli sama tukuna. Akwai silin? Nawa ne tsakaninsa da kwano, kuma akwai kafofin da zafi zai fita? Ɗakin barci yana kallon yamma? Bene ne, ku ne a hawan ƙarshe? Tagogi suna fuskantar juna ko ɓangare ɗaya suke? Akwai darbejiya a tsakar gida? Bishiyar nan kaɗai ta kai batir guda.

Sai ruwa: na famfo ne, bohol ne, ko 'yan ga-ruwa? In bohol ne, yana kai Mayu bai ja baya ba? Wannan tambayar maƙwabci za ku yi wa, ko mai shagon bakin layi. Dillali la'adarsa yake jira.

Ku tambaye su kuma rukunin wutar unguwar. Rukunin A, wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, an ɗaga farashinsa zuwa naira 225 kowane kilowat-awa a Afrilun 2024. Daga Nasarawa zuwa Hotoro, daga Kabuga zuwa Rijiyar Zaki, layi da layi ma yana bambanta. Unguwar da ke samun wuta da dare ta rage muku batir, wadda ke samu da rana kawai ba ta ƙare ku da komai ba in kuna da sola. Gida mai arahar haya da zai sa ku sayi batir huɗu da kurar ruwa kullum, ku haɗa kuɗin shekara ku gani ko har yanzu araha ne.

[Mai gyara yana kwance wayoyi, ana jera faranti a tsaye cikin mota]

Ranar kwance solar a Legas, a fara cire faranti daga caja, sannan batir. Ranar haɗawa a Kano, a juya: batir da farko, faranti daga baya. Wanda ya saɓa wannan yana iya ƙone caja. Faranti a tsaye ake ɗaukar su, a sa kwali a tsakani, kada a ɗora musu buhu ko kujera, domin suna tsagewa ta ciki ido bai gani ba, sai dai ka ga caji ya ragu. Batir na ruwa a zaune, a ɗaure shi, kada ya kwanta. In ya iso, a cika shi caji kwana ɗaya cur kafin a ɗora masa ko da fanka ɗaya.