Sarkin Delhi da Kuɗin Tagulla: Laccar Tarihin Daulolin Musulunci a Indiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Daular Delhi ta kafu a 1206, hannun Kutbuddin Aibak, wanda bawa ne da ya zama sarki. Gidajen sarauta biyar suka yi mulkinta har 1526, lokacin da Babur, wanda ya kafa daular Mughal, ya ci sarkinta na ƙarshe, Ibrahim Lodi, da yaƙi a Panipat. Ba zan bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Yau a kan mutum guda zan tsaya, Muhammadu bin Tuglak, wanda ya hau gadon mulki a 1325.

Wannan sarki malami ne. Ya san Larabci da Farisanci, ya karanci falsafa da lissafi, yana zama da malaman wasu addinai su yi muhawara. Ku tuna, Musulmi 'yan tsiraru ne a ƙasar, mafi yawan talakawansa Hindu ne, manoma da 'yan kasuwa. Mai mulkin irin wannan jama'a yana bukatar yardarsu fiye da tsoronsu, kuma nan ne ya yi tuntuɓe.

A 1327 ya mai da Daulatabad, can kudu, sabuwar hedikwata, ya tilasta wa manyan Delhi da iyalansu ƙaura, tafiyar sama da kilomita 1,000. Hujjarsa ba ta banza ba ce: garin ya fi zama tsakiyar daular. Amma mutane da yawa sun mutu a hanya, bayan 'yan shekaru kuma aka bar su suka koma.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kuɗin tagulla. Wajen 1330 ya sa aka buga kwabban tagulla, ya ce a karɓe su a darajar tanka, wato kuɗin azurfa na daular. Tunanin ya riga zamaninsa, don takardar kuɗin da ke aljihunku yanzu a kan wannan ƙa'ida take tafiya. Sai dai bai tsare hanyar bugawa ba. Duk maƙerin da ya iya riƙe guduma ya shiga buga nasa. Masanin tarihi Ziya'uddin Barani, wanda ya zauna a fadar, ya ce gidajen mutane sun koma maƙeran kuɗi. Jama'a suka ɓoye azurfarsu, suka riƙa biyan haraji da jabu, fatake suka ƙi karɓar kwabban. Dole sarki ya janye su, baitulmali ya fanshe su da azurfa da zinariya.

Wani zai ce daga ina muka san halinsa? Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan ƙasar Maroko, ya isa Delhi a 1334, sarkin ya naɗa shi alƙali. Ya siffanta shi da cewa ba wanda ya kai shi son kyauta, ba kuma wanda ya kai shi zubar da jini. Wannan Ibn Battuta ɗin dai shi ne ya sauka Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, a 1353, ya tarar ana sayen nama da gero da sandunan tagulla. Can tagulla ta yi aiki, domin darajarta a jikinta take, kasuwa kuma ta amince da ita. A Delhi umarnin sarki kaɗai ke riƙe da ita.

Ga ƙarin haraji kan manoman da ke tsakanin kogin Ganga da Yamuna, ga yunwa ta biyo baya. Larduna suka fara ɓallewa: Madurai a 1335, daular Hindu ta Vijayanagara a 1336, daular Bahmani a 1347. Sarkin ya ƙare rayuwarsa yana bin 'yan tawaye, ya rasu a 1351 kusa da Thatta a ƙasar Sindh, ɗan uwansa Firuz Shah ya gaje shi.