A Gwada Jini Kafin Aska Ta Taɓa Yaro

Jama'a masu sauraro, sanyi ya shigo, wanzamai sun wasa aska, an fara tara yara domin kaciya. Sai ka ji gidan da jinin yaro ya ƙi tsayawa, a kwana ana danna tsumma, gari ya waye a ce mayu ne. Haba! Cutar tana da suna, himofiliya, kuma gwajin jini yana gano ta.

Gadonta ake yi, galibi ta wajen uwa, kuma maza ta fi kamawa: kusan ɗaya cikin jarirai maza 5,000. Jinin yaron ba shi da isasshen sinadarin daskarewa mai lamba 8, wani kuma mai lamba 9. Saboda haka a fara tambayar dangin uwa. Akwai kawun da ya sha wuya bayan kaciya ko cire haƙori? Yaron yana yawan haɓo, ko gwiwarsa na kumbura tun da ya fara rarrafe? To a ajiye aska, a gwada jini.

Wasu za su ce ai an yi gwajin sikila. Wannan daban, ba ya nuna komai kan daskarewa. Abin da za ku nema shi ne ƙidayar ƙwayoyin jini, da PT, da aPTT, wato gwaje-gwaje biyu da ke auna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. Idan aPTT ya yi tsawo alhali PT lafiya, sai a auna yawan sinadarin daskarewar shi kansa. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 na abin da mai lafiya ke da shi, shi ne mai tsanani, 1 zuwa 5 matsakaici, 5 zuwa 40 mai sauƙi, kuma mai sauƙin kan ɓuya har ranar da aka yi yanka.

Ma'aikatan ɗakin gwaji, ku ma da naku. Kwalba mai shuɗin murfi ce, a cika ta daidai layi, a gwada cikin awa 4. Jinin da ya yini a kan tebur cikin zafi sakamakon ƙarya zai bayar. Jariri kuwa lamba 9 ɗinsa ƙasa yake bisa halitta, sai an maimaita bayan wata 6.

Wani zai ce, "Kakanninmu ba su yi gwaji ba." Wa ya ƙirga waɗanda suka rasu a hannun wanzami? "Babu ita a danginmu." Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu cutar haka danginsu suka ce.

'Yan mata ma ba su tsira ba: akwai wata cutar rashin daskarewar jini, von Willebrand, mai kama maza da mata, wadda a wajen mata kan bayyana da jinin al'ada mai wuce kwana 7. Kaciya ce, cire beli ne, tsaga ce, a gwada jini tukuna, kuma yaron da ake zargi kada a ba shi asfirin.