Kumburi Iri Ɗaya, Ciwo Daban: Abin da Hoton Zuciya ke Nunawa

(Daga rikodin laccar da wani likitan zuciya ya yi wa mata a Gombe)

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Mutum uku za su shigo ɗakina a rana guda, kowa ƙafa a kumbure, yana haki, ba ya iya barci sai a jingine. Duka ukun an riga an ba su maganin fitsari a kemis, kumburin ya saɓe, ya sake dawowa. Ciwonsu kuwa ba ɗaya ba ne, kuma eko ce ke raba su.

Eko sikanin ce irin ta masu ciki, a ƙirji kawai ake ɗora ta. Ki kwanta ta gefen hagu, a shafa miki mai mai sanyi, sai ga zuciyarki tana bugawa a allo. Babu allura, babu yanka. A ƙasar Suwidin aka fara ta a 1953.

Ga abin da eko ke nunawa a mutanen ukun nan. Dattijo mai hawan jini, bangon zuciyarsa ya yi kauri saboda shekarun da ta yi tana tura jini da ƙarfi. Yarinya 'yar sha biyar, ƙofar da jini ke bi a zuciyarta ce ta tsuke, sanadin ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba tana ƙarama. Wani kuma ruwa ne ya kewaye zuciyar saboda tarin fuka, sai an zuƙe shi, a sha maganin tibi.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce mai jego. Na ga wata daga wajen Dukku, ko arba'in ba ta yi ba, zuciyarta ta buɗe ta saki kamar tsohuwar salka. Lafiyayyar zuciya na fitar da kashi 55 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ke cikinta a kowane bugu, tata ko 30 ba ta kai ba. Wannan ciwon zuciya na masu jego ya yi yawa a Arewa. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya nuna alaƙarsa da ƙarancin sinadarin seleniyom a jiki. Kunun kanwa kuma, don Allah a rage, gishirinsa na ƙara tara ruwa.

Irin wannan baiwar Allah, bayan wata shida muna sake ɗaukar hoton. Da shi za mu zauna da ita da maigidanta mu yi maganar wani cikin.