Haddam: Yadda Iska Ke Cin Gaɓar Tafki

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau na mutanen bakin ruwa ne a nan Sudan: masunta da manoman juruf, wato gonakin gaɓar kogi, na Maiurno da ke saman madatsar Sinnar, da na Rusairis da Damazin, da mazauna gefen tafkin Jabal Auliya har zuwa Kosti da Rabak.

Mun saba sa ido kan cikar kogi a watan Agusta, da ta wuce sai a saki jiki. Tafkin madatsa kuwa lissafinsa daban. Jabal Auliya, wadda aka kammala a 1937, tana riƙe da ruwanta har cikin hunturu, daidai lokacin da iskar arewa ke kwana tana wuni. Tafkin a miƙe yake kudu da arewa, ga faɗi, ga rashin zurfi, don haka iska na samun fili mai tsawo ta tara ƙarfi. Abu biyu take yi. Tana tunkuɗa ruwa ya taru a gaɓar da ta dosa, sannan ta ɗora igiya a kansa. Idan gudun iska ya ninka, tudun ruwan da take tarawa yakan kusan ninka sau huɗu. Shi ya sa habub, wato guguwar ƙura, na sa'a guda kan shigar da ruwa gidan da bai taɓa gani ba, alhali ba a taɓa ko ƙofa ɗaya ta madatsa ba.

Zaizayar da ake kira haddam a nan daga gindi take farawa. Igiya na ƙwaƙule ƙasan gaɓa, sama na nan kamar lafiya lau, har ranar da zai rufta gaba ɗaya. Baƙar lakar nan tamu ta fi saurin bari, domin ta riga ta tsattsage da rani. Wani lokacin ma sai ruwa ya ja da baya gaɓa ke faɗuwa: ta sha ruwa ta yi nauyi, abin da ke tokare da ita kuma ya janye. Ku duba tsaga doguwa mai bin tsawon gaɓa, da itacen da ya fara karkata, da ruwan da ya yi jirwaye da laka a gindi. In kun ga ɗaya daga ciki, a ɗauke injin ban ruwa da dabbobi, a hana yara zama a ƙarƙashi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne gina katanga a tsaye cak. Igiya ta buge ta ta dawo, ta haƙe gindinta, bulo da siminti su tafi a banza. Gara a kwantar da gaɓar, kowace mita ɗaya ta tsayi a ba ta mita biyu zuwa uku na gangare. A shimfiɗa tsakuwa tukuna, sannan manyan duwatsu, a binne sahun farko cikin rami a gindi. Dutse ba tsakuwa a ƙarƙashinsa, ruwa zai zuƙe ƙasar ta tsakaninsa ya nutse.

Buhunan yashi kuma, kada a cika su maƙil. Rabi zuwa biyu bisa uku ya isa, a naɗe bakin a ƙasa, a jera kamar bulo kowanne ya hau mahaɗar biyu, a tattake. Faɗin gindin ya zama ninki uku na tsayin. Leda a gefen ruwa ake sa ta, a danne ƙasanta da buhu. Idan ruwa ya ɓullo ta bayan shingen yana ɗauke da laka, ciki ne ke rarakewa. Kada a toshe bakin, a kewaye shi da buhuna har ruwan ya koma garai.

Aikin nan na gayya ne, don wanda ya kare gabansa shi kaɗai ya tura igiyar kan maƙwabci. Masu haƙar ƙasar bulo su ja nesa da gindin gaɓa, masu gawayi kuma su ƙyale bagaruwa, wato sunut, wadda ke jure watanni cikin ruwa. Inda aka riga aka sare, a dasa jema sahu-sahu da zarar ruwa ya janye, ta kama ƙasa kafin cika ta gaba.