Fodkas: Tsohon Honda da Ke Jingine a Zaure, Kar a Taɓa Kik Tukuna

Habu: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Bauchi. Yau ba mu muka zaɓi maganar ba. Tun da hoton jan babur ɗin nan da aka fito da shi daga ɗakin shirgi ya zaga wayoyi, saƙonni suka ƙi tsayawa, kowa ya tuna akwai na mahaifinsa a jingine a zaure. Bakanikenmu Oga Garba, barka da yamma. Nura, sannu da zuwa.

Nura: Yauwa. Tambayar kusan iri ɗaya ce, Oga: CG125 ne, ya shekara goma sha biyar ko ashirin ba a tashe shi ba, ta ina za a fara?

Oga Garba: A fara da ɗauke ƙafa daga kan kik. Shi ne abin da kowa ke yi, a kakkaɓe ƙura, a zuba fetur na kwalba, a hau bugu. Injin da ya shekara ashirin a tsaye babu ɗigon mai a jikin silindarsa, duk ya gangara ƙasa ya zama kamar kwalta. Ka buga kik a haka, rin, wato zoben fistin, ya kankare bangon silinda ko ya karye, aikin da bai wuce na kwana uku ba ya koma sai an kai buloka wajen masu borin, masu faɗaɗa ramin silinda.

Habu: To me za a yi?

Oga Garba: Cire filogi. Ka zuba baƙin mai cokali ɗaya ta ramin, ka bar shi ya kwana. Da safe ka danna kik da hannu, a hankali, filogi yana waje. In ya juya, alhamdu lillahi. In ya cije, fistin ya kama, sai ka cika ramin da man gas, ka rufe da tsumma, ka ba shi kwana uku zuwa mako. Bayan nan ka sa giya ta ƙarshe, ka riƙa tura babur ɗin gaba da baya kaɗan-kaɗan. Taya ce za ta kwance shi. Guduma ba ta cikin wannan aiki.

Nura: Masu sauraro da yawa sun ce ai mai shi ya tabbatar musu lafiyarsa ƙalau aka ajiye shi.

Habu: "Yana tashi aka ajiye shi."

Nura: Kowane babur a Bauchi yana tashi aka ajiye shi!

Habu: Ko da babu kabureta a jiki.

Nura: Ko da kaza ta yi ƙwai a kan injin ta ƙyanƙyashe, jikokinta ma sun ƙyanƙyashe.

Habu: Har wanda ba shi da tayar baya, shi ma da ƙafarsa ya shigo gidan.

Nura: Kuma bugu ɗaya yake tashi, kar ka manta. Ba a taɓa ajiye mai tashi a bugu biyu ba.

Oga Garba: Ku bar dariya, sau da yawa gaskiya suke faɗa. Yana tashi ɗin aka ajiye shi, amma da fetur a tanki, kuma fetur ɗin ne ya kashe shi. In ya daɗe yakan bushe ya bar wani danƙo ja mai wari kamar fenti, ya toshe duk wata ƙofa da ke cikin kabureta. Saman tankin kuma da babu mai, raɓa ta taru ta haifi tsatsa.

Habu: Bugu ɗaya dai, Oga.

Oga Garba: Kai Habu, bari in ƙarasa. Kafin tanki ma, baƙin mai. A ƙasan injin ta hagu akwai babban murfi, sifana mai lamba 24 ke kwance shi. Kana cire shi sifirin zai biyo, da wata 'yar raga kamar rariyar shayi. Ka tara man a kwano mai haske ka duba. In ka ga ƙyalli kamar garin azurfa, ƙarfe na cin ƙarfe a ciki. In ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga. Ka wanke ragar da kalanzir ka mayar. Amma abin da ake mantawa yana ta dama. Ka cire murfin kulochi, za ka ga wani ɗan gwangwani mai sukurori uku a bakin karanshaf. Shi ne ainihin matatar man wannan inji, juyawa yake yana watsa dattin jikin bangonsa. Za ka tarar da laka baƙa ta daskare a ciki, sai ka sa tsinke ka kankare. Akwai baburan da tun fitowarsu daga kamfani ba a taɓa buɗe wurin ba.

Nura: Sukurorin nan kuwa su ne ke cinye kai.

Oga Garba: Saboda na Japan ne, bakinsu ya bambanta kaɗan da sukurudireban da ke kasuwa. Ka nemi irin wanda ake dukan bayansa da guduma ya juya da kansa. In kai ya cinye, ka shiga wahalar huda. Mai kuma kusan lita ɗaya yake ci, ka zuba kana duba sandar awo, ba tare da ka murɗa ta ciki ba. A zafinmu na nan 20W-50 na babur. Wasu mayukan mota suna da sinadarin santsi da ke sa kulochi ya riƙa sulɓewa, tunda shi a cikin man yake wanka.

Habu: Mu dawo tanki. An ce a zuba ruwan batir.

Oga Garba: A'a, a'a. Ruwan batir zai cinye tsatsa ya cinye tankin, ya ci hannunka. Ka cire makunnin mai na ƙasa, ka toshe ramin. Ka zuba notina kamar ashirin da kalanzir kaɗan, ka ƙirga su kafin ka zuba, ka yi ta girgizawa har hannu ya gaji. Ka juye. Sannan ka cika shi da binega fari, ya kwana ɗaya ko biyu.

Nura: Tsamiya fa? Ai da ita ake wanke tsoffin kwanonin tagulla.

Oga Garba: Tana yi, tsami ne da ita, amma a hankali, kuma sai an tace ta sosai don tana barin danƙo.

Habu: Tsamiyar kunu za a ɗauka a zuba wa babur? Uwargida ba za ta yarda ba, balle azumi ya matso.

Nura: Ai a Muda Lawal ƙulli nawa ne. Lita nawa tankin ke ci ma? In binega za ka saya kwalba-kwalba a shagon kayan kek, tsamiyar ta fi sauƙi.

Habu: To lemon tsami fa?

Nura: Buhu nawa za ka matse?

Habu: Zoɓo ma da tsami.

Nura: Sai tankin ya fito ja ciki da waje.

Oga Garba: Ko wanne ka zuba, abin da ke bayansa ya fi muhimmanci. Kana juyewa ka ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, ka ƙara da ruwa mai kyau, ka kifa shi a rana ya bushe ƙarau, nan take ka zagaya cikinsa da mai kaɗan. In ka bar shi tsirara, kafin la'asar sabuwar tsatsa ta fito ja-ja. Kuma don Allah, in ka ga huda, kar a kai wa mai walda tankin da ke warin fetur. Tankin da babu komai sai tururi ya fi cikakke haɗari. A wanke da sabulu sau da yawa tukuna.

Nura: Kabureta. Mutane na cewa a jefar a sayi sabuwa ta China, tunda ta dace.

Oga Garba: Tana shiga, ba musu, don injinan China da yawa da ke yawo a gari kwafin wannan ne. Amma in Keihin ce a jiki, wato ta asali da ya zo da ita daga kamfani, ni ban ga dalilin jefar da ita ba. Ka kwance kofin ƙasa. Kafin ka cire sukurun iska na gefe, ka murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya zauna, ka rubuta. Yawanci wajen ɗaya da rabi za ka samu. Jet biyu ne, babba da ƙarami. Ƙaramin shi ne mai rigima, raminsa bai kai kaurin allura ba, shi ya sa babur zai tashi da cok amma ka saki ya mutu. Kar ka zura masa allura, za ta faɗaɗa ramin, ya zama mashayin mai har abada. Silin waya ɗaya na tagulla daga tsohuwar wayar wuta ya isa. Ka ɗaga shi ka kalli rana ta ciki, sai ka ga haske zagaye sosai. Fulot kuma ka girgiza kusa da kunne, in ka ji ruwa a ciki ya huje. Sannan soson iska. Tsohon soso yana rugujewa kamar busasshen burodi, injin ya zuƙe shi. Sabo za a sa, a jiƙa shi da mai a matse. Da ƙurar hunturunmu, babur marar soso yashi yake sha.

Habu: Wuta fa? Na farko-farkon ai babu CDI, ɗan akwatin nan da ke sarrafa wutar filogi.

Oga Garba: Kwantak ne da kondensa, batir kuma mai bolt 6. Honda ta fito da CG125 a 1975, kuma da gangan ta yi shi don ƙasashen da ba a canza mai a kan lokaci, shi ya sa ba ta sa masa sarƙar taimin ba, sanduna ne ke tura bawul. To, ka goge bakin kwantak da samfefa mai laushi, ka bi da farar takarda har ta daina fitowa da baƙi. Buɗewarsa milimita 0.3 zuwa 0.4. A jikin maganeto akwai alama biyu, F da T. F ta wuta ce, daidai lokacin da ta zo kan alamar jikin inji kwantak zai fara rabuwa. T ta saitin bawul ce. Mutane na haɗa su, sai wuta ta zo ba a kan lokacinta ba. Bawul kuma inji a sanyaye, fistin a sama a bugun matsi, duka biyun 0.08. Ka sayi ma'aunin nan mai ganye-ganye, kar a yi da kunne. In ka matse da yawa, babur zai yi shiru kamar lafiya, alhali bawul na ƙonewa. Filogi buɗewarsa 0.6 zuwa 0.7. Ka jingina shi jikin inji ka buga, wuta shuɗiya muke nema. Ja mai rauni, ka zargi kondensa kafin kwayil.

Nura: In duk an yi, yaushe ne dole a buɗe inji?

Oga Garba: Ka toshe ramin filogi da babban yatsa a buga kik. In iska ta ture yatsan da ƙarfi, bar shi a rufe. In ba ta ture ba, zuba mai cokali ɗaya ka sake. Ya ƙaru, rin ne. Bai ƙaru ba, bawul ne. In an buɗe, faɗin silindar asali 56.5 ne, fistin na gaba suna tafiya 0.25, 0.50, 0.75 har 1.00. Ka sayi fistin tukuna, ka kai wa mai borin tare da bulokar ya yanka daidai da shi. Kuma kar a tsallaka zuwa babba ba dalili, kowane mataki rai ɗaya ne na silindar. Wajen haɗawa, rubutun IN da ke kan fistin ya kalli kabureta, rubutun rin ya kalli sama, bakunansu a raba su kar su hau layi ɗaya. Kilif ɗin da ke riƙe fin na fistin sabo, ka cusa tsumma a bakin inji kafin ka sa shi, don in ya faɗa ciki sai an raba injin biyu. Kaya kuma in babu a nan, Ƙofar Ruwa a Kano, ko a yi saƙo Nnewi, amma ka tafi da tsohon a hannu a gwada.

Habu: Oga, lokaci. Mun yi alkawarin wayarin da fenti da kujera, ga shi an kusa kiran magariba.

Oga Garba: Fenti shi ne ƙarshe, sai babur ya yi wata yana tafiya. Amma birki ba zai jira ba. Takalmin birki sabo gaba da baya, ko tsohon na da nama, don gam ɗinsa ya mutu, fatar na iya ɓallewa ta kulle taya. Ƙurar cikin kuma kar a hura da baki, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Taya a duba lambar gefe, huɗu na ƙarshe mako ne da shekara. In uku ka gani, kafin 2000 aka yi ta, a cire.

Nura: Gwajin farko fa, mutum ya miƙe hanyar Dass?

Oga Garba: Cikin unguwa tukuna. In an yi borin, kilomita 500 na farko a lallaɓa, sannan a juye mai. A duba lambar firam da ta inji sun dace da takardu kafin a kashe ko kwabo, wannan ma da shi ya kamata mu fara.

Habu: Wayarin sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Masu turo hoto, ku ɗauko mana gefen dama na injin ma, ba tankin kaɗai ba. Sai an jima.