Kuɗin ƙananan hukumomi: me Kotun Ƙoli ta ce, kuma ina aka kwana?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Ka taɓa zuwa sakatariyar ƙaramar hukumarku da koke, wataƙila iska ta yaye rufin firamaren unguwarku, ko famfon burtsatse ya lalace wata uku mata na ta jan guga a rijiya, sai ciyaman ya ɗaga hannu ya ce, "Wallahi kuɗin na sama, sai mun je gidan gwamnati"? To, wannan amsar ce ta kai har gaban Kotun Ƙolin Najeriya.

Ranar 11 ga watan Yulin 2024, alƙalai bakwai suka yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin. Idan sunan ya yi maka kama da wanda ka sani, ba ka yi kuskure ba: shi ne ya karanta hukuncin watan Maris na 2023 da ya dawo da tsofaffin takardun naira, lokacin da mutane ke kwana a layin ATM.

Bari mu fara daga tushe. Duk wata ana raba kuɗin asusun tarayya a Abuja. Gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60. Sai dai kason ƙananan hukumomin ba ya zuwa hannunsu kai tsaye. Sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa, a zuba kuɗin a ciki, daga nan a raba. A takarda, hanya ce kawai da kuɗi zai bi ya wuce. A zahiri kuwa, sai ta zama rumbu, makullinsa na aljihun gwamna. A cire na wannan aiki, a cire na wancan, abin da ya rage ciyaman ya sa hannu ya karɓa, ya yi godiya.

Kotun ta ce daga yanzu a riƙa tura wa kowace ƙaramar hukuma kasonta kai tsaye. Ta kuma ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi, domin sashe na 7 ya tanadi mulkin zaɓaɓɓu ne. Duk inda kantoma ke riƙe da kujera, babu kuɗi.

Ba kowa ne ya tafa ba. Akwai lauyoyin da suka ce asusun haɗin gwiwa yana rubuce ɓaro-ɓaro a kundin tsarin mulki, kuma gyara shi aikin majalisa ne, ba na alƙali ba. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya. Su ma malaman firamare sun yi ɗar-ɗar, don da yawansu na tuna zamanin da albashinsu ke hannun ciyamomi, a yi wata da watanni ba a ji ƙarar kuɗi ba.

Amma ga inda labarin ya yi daɗi. Da gwamnoni suka ji cewa ba kuɗi sai da zaɓaɓɓu, sai aka shiga rige-rigen zaɓe. A watan Oktoban 2024 kaɗai, Jigawa ta yi nata, APC ta lashe duka 27. Kaduna ta yi, APC ta kwashe duka 23. Kano ta yi, NNPP ta cinye duka 44. Ba sai an yi maka fassara ba: jam'iyyar da ke gidan gwamnati ita ke share fage. Dalili kuwa, hukumar zaɓen jiha ce ke shirya zaɓen, kuma gwamna ne ke naɗa shugabanninta. Hukuncin ya taɓa asusu, amma bai taɓa akwatin zaɓe ba. Ciyaman ɗin da gwamna ya ɗora, ko kuɗi ya faɗo masa kai tsaye, ka san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa da safe.

A Anambra ma wata dabara aka ɓullo da ita. A watan Oktoban 2024 ɗin dai, Gwamna Charles Soludo ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumomi zuba wani kaso na kuɗinsu a asusun da jiha ke kula da shi. An rufe ƙofa, an shigo ta taga.

Tura kuɗin kansa ya yi ta jan ƙafa. Aka ce ƙananan hukumomi su buɗe asusu a Babban Bankin Najeriya, aka yi ta kai-komo kan sharuɗɗa da takardun binciken kuɗi, har aka shiga 2025 mafi yawan kuɗin na bin tsohuwar hanya.

Sai dai kotun ta nuna ba ta sakar wa gwamnoni mara gaba ɗaya ba. Ranar 28 ga Fabrairun 2025, ta soke zaɓen ƙananan hukumomin jihar Ribas da aka yi ranar 5 ga Oktoban 2024, saboda ba a cika sharuɗɗan dokar zaɓe ba. Ciyamomi 23 suka tattara nasu-ya-nasu suka bar ofis, ko wata biyar ba su cika a kan kujera ba.